Jigon Baba a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar da na yi aikin da ita a motar albasa ta iso Jega. Yayana ne ya sayo ta a kudu bayan ya sauke kaya, direba ya naɗe ta da buhunan da aka juye ya cusa a bayan kujera. Ta yi wata uku tana warin albasa duk lokacin da fankarta ta tashi. Yaya ya kama shago kusa da tasha, ya sa tebur da injin buga takarda da ƙaramin janareta, ya ce tunda ni ce na yi kwas na wata shida a Birnin Kebbi, ni zan zauna. Jiharmu ba ta daɗe da haura shekara goma ba a lokacin, kowa yana neman aikin gwamnati, kowa yana son takardarsa ta fito a buge. Ina buga takardun neman aiki da katin ɗaurin aure da tambayoyin jarrabawa. Ina da aure da ɗiya ɗaya. Mijina malamin firamare ne a Maiyama, da safe ya hau babur ya tafi, ni kuma in goya yarinya in nufi shago.

Wanda ya sayar wa Yaya kwamfutar ya haɗo masa da faifai kusan goma a leda, babu wanda ya san na mene ne. Na riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya idan babu mutane. Ɗaya daga ciki na sa zane ya yi motsi ne. Bayaninsa duk da Turanci, na yi makonni ina lalube. Ranar da na fara dacewa, da'ira na zana, na yi mata ɗan tukku, na shafa mata ja, ta zama albasa. Na ce ta gangara daga hagu zuwa dama, ta gangara. Na maimaita ya fi sau hamsin, har wani da ya kawo takarda ya gaji da sallama ya tafi.

Malamin da ya koya mani kwamfuta yakan tsaya a shagon idan hanya ta biyo da shi Jega. Mutumin kirki ne, kuma shi kaɗai na nuna wa albasar. Bayan kamar wata biyu ya dawo da wata takarda. Wasu mutane can nesa sun sa gasar gajeren fim na zane da kwamfuta, kada ya wuce minti biyar, a kan abin da mutum yake tunawa na lokacin zafi a yarintarsa.

"Abin da suke nufi shi ne lokacin zafi na Turawa," in ji shi. "Hutu, bakin teku, yara da laima ana shan askirim. Ki zana musu wannan, shi suka sani."

"Malam, ni ban taɓa ganin teku ba."

"Akwai hotuna, zan kawo miki."

"Takardar ta ce abin da mutum ka tunawa. Ni bazara nika tunawa."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Wa ke kewar bazara? Zafi, ƙuraje, sanƙarau, ruwan randa kamar an dafa. Ki yi abin da za a karɓa."

Na karɓi takardar na sa a aljihun tebur. Amma ni na san abin da nake kewa.

A Aliero na tashi, gonarmu kuma tana fadamar Sabiyal. Ina ƙarama babu injin ban-ruwa a wajenmu, da jigo ake yi: dogon itace a kan gwafa biyu, gindinsa ɗaure da ƙaton dunƙulen laka, bakinsa da sanda mai guga tana leƙa rijiya. Baba ne a kan jigo, ni ce a cikin fangali. Ruwa ya biyo hanya, in buɗe wannan da ƙafa, in toshe wancan da laka, yana kwatsa mani umarni daga bakin rijiya. Da farkon bazara, idan ganyen albasa ya fara kwanciya, akwai ranar ban-ruwan ƙarshe. Ranar muna fita da sassafe a kan jaki, mu yi aiki har rana ta take, mu sha fura a gindin mangwaro. Idan an gama fangalin ƙarshe, Baba yakan kira ni bakin rijiya ya ɗago guga ɗaya cike ya juye mani a ka. Mutumin da ba ya wasa da kowa. Sau ɗaya a shekara ke nan, kuma bai taɓa cewa komai a kai ba. Daga baya injuna suka shigo, aka sare jiguna aka yi girki da su, gwiwoyin Baba suka ƙi, Yaya ya karɓi gonar.

Wannan ranar na ce zan zana.

Lokacin da nake da shi tsakanin azahar da la'asar ne, sa'ad da zafi yake korar kowa daga tasha. Da maus, linzamin kwamfuta, nake zane, wanda ya taɓa gwadawa ya san kamar mutum ya yi rubutu da sabulu ne. Kowace daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin zane goma sha biyu. Fuskoki kuwa ban yi su ba. Raina bai kwanta da zana ido da baki ba, don haka na sa wa Baba malfa ta rufe fuska, yarinyar kuma kusan kullum ta baya ake ganinta. Da bazara ta kankama, kwamfutar ta fara mutuwa da kanta in ta yi zafi, wani lokaci da aikin awa biyu a cikinta. Na koyi adana aiki duk bayan 'yan mintoci. Na cire murfin gefenta, na juya mata fanka, na jiƙa buhu na rataya a taga. Ni da ɗiyata muna zufa, iska tana wajen inji.

Wata rana Yaya ya shigo ya iske ta a buɗe, hanjinta a waje, jaki mai ƙafa uku yana tsaye a fuskarta don ban gama ta huɗun ba.

"Mi kika yi haka?"

"Aiki nika yi, Yaya."

"Wanga na aiki? Na ɗauko inji tun daga kudu don ki zana jakkai? Za ki kashe shi da wasan yara. Mutane na hwaɗin matar aure ta zauna tana zane awa 'yar aji ɗaya."

"Wa yaz zo da takarda ban buga mashi ba?"

Da aka tashi ya zare wayar wutar kwamfutar ya sa a aljihu, ya ce daga yau shi zai riƙa kawo ta da safe ya karɓe da azahar. Kwana biyu ya yi haka. A rana ta uku na lura wayar injin buga takarda bakinsu ɗaya, na zare ta na jona. Ya dawo ɗaukar wani abu ya iske jakin ya sami ƙafa ta huɗu har yana tafiya. Ya tsaya yana kallona, wayar tana leƙowa daga aljihunsa.

Na ce, "Yaya, shagonka na, injinka na. In ka ce in bari, ga makulli, ka nemo wanda za ya buga ma takardu. Amma in ni ka zama nan, tsakanin azahar da la'asar nawa na."

Ya san babu wani mai bugun da sauri kamata a kusa. Ya ajiye wayar a kan tebur ya fita. Mun yi sati uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jaki ya yi, mangwaro ya yi, ruwa a cikin fangali ya ba ni wuya amma ya yi. Jigon ne ya ƙi. Na zana shi sau uku, duk lokacin da na kunna sai in ga wani abu ba daidai ba, na kasa gane ko mene ne. Shekara da shekaru na yi a gabansa, amma idona yana kan ruwa da ƙafafuna. Sai na buga zanen a ƙananan takardu ashirin da huɗu, na ɗinke gefe ɗaya da zare, yadda in ka saki da babban yatsa za ka ga motsi. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Aliero.

Na iske Baba a zaure, ya miƙe ƙafafu. Muka gaisa, na ba shi ɗiyata ya sa mata albarka, sannan na kawo maganar. Labari ya riga ni zuwa.

"An ce kin bar aiki kina zanen banza."

"Ban bar aiki ba, Baba. Jigonka nika zanawa."

"Jigo ya mutu. Mi za a yi da shi?"

Na matsa na saki takardun a gabansa. Ya kawar da kai. Na sake saki. A karo na uku ya karɓa da kansa, yatsansa mai kauri yana tsallake rabin shafukan. Ya gwada har ya iya. Ya daɗe yana yi.

"Wanga mutum bai taɓa ban-ruwa ba," ya ce. "Wa yag gaya miki ana jan ruwa sama? Guga wohi kaka ja ƙasa, nan ƙarhi shike. In ya cika ka sassauta, laka ta ɗauko ma shi. Ke kin sa shi shina nishi wurin da ya kamata shi huta."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni. Na ce ya nuna mani da hannu. Ya ɗaga hannuwa a iska, ya sauke, ya tsuke baki. Ya ce ba a nuna wannan a zaure. In dawo ranar Juma'a mai zuwa.

Da na dawo, a Sabiyal aka ce in same shi. Shi da wasu tsofaffi biyu abokansa sun sari gwafa, sun samo dogon itace, sun kwaɓa laka sun ɗaure a gindinsa, ta kwana uku tana bushewa. An riga an cire albasa, gonar fili ce fetal, rijiyar ta ja baya. Baba ya naɗe wando, ya ɗora ƙafar hagu a kan itacen bakin rijiya, ya kama sanda. Na farko ya yi tangaɗi har na yunƙura. Na biyu jikinsa ya tuna. Itacen ya yi wannan kukan da na manta, ƙiii in ya sauka, wani gajeren gurnani in ya tashi, sannan ruwa ya zube. Na kunna rikodar mijina na ajiye a ƙasa, na zauna da littafi ina zana yadda bayansa ke lanƙwasa.

Wasu samari a kan babur, da injin ban-ruwa ɗaure a baya, suka tsaya suna dariya.

"Baba, ƙasa wohi kaka ba ruwa?"

Bai ko juya ba. "Rijiyata ta, ƙasata ta. Ku wuce."

Na roƙe shi ya yi mani tsawa kamar da. Ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Sai na tuɓe takalma na shiga inda ruwan ke bi, na tsaya da gangan na bar shi yana malala inda bai kamata ba. Bai iya jurewa ba. "Ke ɗiya! Toshe wanga, buɗe na gaba! Barci kika?" Rikoda ta ɗauka. Ya yi kwana huɗu a kwance bayan nan saboda gwiwa, Inna ta aiko mani da faɗa mai zafi, na karɓa.

Na share jigon gaba ɗaya na sake shi daga farko. Sai da damina ta yi nisa na gama. Minti huɗu da 'yan daƙiƙai. Babu kiɗa, babu mai ba da labari. Kukan jigo, kukan kurciya da ya shiga kaset da kansa, ruwa, da muryar Baba sau biyu. Malam ya biyo ta Jega, na zaunar da shi na kunna. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce in sake.

"Kin yi ƙoƙari, ban zaci haka ba," ya ce. "Amma akwai gyara. Ban-ruwan ya yi tsawo, a rage rabi. A sa musu fuska, a sa kiɗa. Muryar nan kuma a cire. Ko Bahaushen wani wuri sai ya saurara da kyau kafin ya gane, balle su. Zan samo miki mai karanta labarai ya faɗa da Turanci, ko aƙalla da Hausar rediyo."

"Malam, muryar ubana ta."

"Na sani. Gasa kike so ki ci ko kuwa?"

"Ban-ruwa dogo na. Wanda bai iya kallon minti biyu, mu wuni mukai muna yi. Ban rage komi, ban cire komi."

"To ba zan sa hannuna a takardar ba. Sunana ba zai bi abin da na san za a yar ba."

"Ranka shi daɗe, akwai wurin da anka ce dole sai da hannun malami?"

Ya duba takardar. Babu. Ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce taurin kai ba ilimi ba ne. Na raka shi har bakin mota, don malamina ne. Na kai aikin wajen wani mai kwafar faifai a kasuwa ya juye mani a faifai uku, na cike takardar da kaina, na aika ɗaya ta gidan waya.

Ba su taɓa amsawa ba. Ko takardar cewa ya iso ban samu ba. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Na yi wata huɗu ina aika mijina ya duba akwatin gidan waya, har ya fara cewa ya duba tun kafin in tambaya. Har yau ban sani ba ko sun kalla sun yar, ko faifan yana can a wani buhu.

Da na haƙura da su, na je wajen mai gidan kallo a Aliero na roƙe shi ya sa nawa kafin fim ɗin yamma. Ya ce masu zuwa wurinsa faɗa suke son gani, kuma mace ba ta shiga. Na ce ya yi kyau. Ranar kasuwa muka ɗora talabijin ɗin ɗakina da na'urar faifai a mota, mijina ya biyo da janareta, muka kafa a wata rumfa a kasuwar albasa bayan la'asar. Yaya yana wurin yana auna kaya. Da ya gan mu ya koma can bayan buhuna kamar bai san mu ba.

'Yan dako ne suka fara taruwa, sai direbobi, sai dillalai. Da jaki ya fito aka fashe da dariya. Da jigo ya yi kukan farko dariyar ta ragu. Wani mahauci da ya zo wucewa da tire a ka ya tsaya, ya nuna da haɓa.

"Wanga ai tsohon Sabiyal na! Ku dubi ƙahwar hagu. Shi ɗai ka tsayi haka."

Mutumin da babu ido babu baki, malfa kawai. Nan gardama ta tashi. Wani ya ce lakar ta yi ƙanƙanta, wani ya ce a garin Katanga da ƙwarya suke ɗiba, wani dattijo ya fara kwatanta wa samari da sandarsa. Da aka zo inda ake juye wa yarinya guga a ka, wani direba mai furfura ya ce a mayar. Sau bakwai muka sa a ranar. Wajen na biyar na hango Yaya ya matso, yana gaya wa wani baƙon ɗan kasuwa cewa a shagonsa aka yi.

Baba bai zo kasuwa ba. A tsakar gida muka kunna masa, Inna tana leƙe daga bakin madafa. Ya kalla hannunsa a kan gwiwa. Da ya ji muryarsa ya ɗan ja baya. Aka gama, na jira.

"Jigon ya yi," ya ce. "Jakin ga dai ba nawa na ba. Nawa bai taɓa tahiya ba a buge shi ba."

Bayan sati biyu aka yi suna a dangin mijina a Maiyama, mata suka ce sai na zo da fim ɗin. Ɗaki ya cika har taga. Suka kalla sau biyu, sannan wata mata daga Sarandosa, mai 'ya'ya huɗu, da ban taɓa gani ba, ta ɗaga murya.

"To ina mata? Wa ad dama hurar da sunka sha? Wa ka yanke ganye, wa ka zaɓe ruɓaɓɓa cikin rana? An nuna jaki ba a nuna mu ba."

Ɗaki ya ɗauka, kowa da abin da aka bari. Gaskiya ta faɗa, kuma ta ba ni haushi, don wata shida na yi a kan minti huɗun nan.

Na ce, "Ni abin da nit tuna niz zana. Wadda ka son a ga nata, shagona na kusa da tasha. Ta taho in koya mata."

Aka yi dariya, aka koma rabon tuwo. Ranar kasuwar Jega da ta biyo, da azahar, sai ga ta a bakin shago da kwandon cefane, ta ce ta zo. Ba ta taɓa shiga aji ba. Na ba ta kujerata, na ɗora hannunta a kan maus. Ta riƙe shi da ƙarfi kamar zai gudu, kibiyar ta tsere can ƙuryar allo ta ɓace. Ta dube ni, na ce ta sassauta. Kafin la'asar ta zana wani abu mai kama da ƙwarya, karkatacce, bakinsa bai haɗu ba. Ta ce kada in goge, za ta dawo mako mai zuwa ta yi ludayin. Na adana shi, ta ɗauki kwandonta ta tafi neman motar Maiyama.